Yanda zaka tsara kubikul na ofis, tun daga awon ɗaki har ranar da ma'aikata zasu zauna

Yawancin masu son yanka babban ɗakin ofis su maida shi kubikul, wato 'yan wuraren aikin nan da ake kewayewa da fatishan kowa da teburinsa, daga hoton katalog suke farawa. Sunga wani mai kyau da gilashi da fitila sai kawai suce irin wannan muke so a kawo mana goma sha biyu, sai an gama kafawa tukunna a gano durowa bata buɗuwa sai an janye kujera, soket yana can ƙarshen bango babu wayar da zata kai, mai amsa kiran kwastomomi kuma yana damun mai lissafi tun safe har a tashi. Ni a ganina hoton nan shine abu na ƙarshe da ya kamata ka kalla. Aikin da mutum zai yi a wurin da kuma jikin shi mutumin da zai zauna awa takwas, su ake fara dubawa.

Wanda ya ƙirƙiro abun ma da wannan niyyar ya fara. Robert Propst ne, mai bincike a kamfanin Herman Miller dake jihar Michigan a Amurka, ya fitar da tsarin Action Office a 1964, sai na biyun a 1968 wanda daga shi duk kubikul ɗin da muke gani yau suka samo asali. Abinda yake so shine ma'aikaci ya samu wurin da zai iya sauyawa yanda aikinsa yake buƙata, ya manna takardunsa a gaban idonsa, bangwayen ma a buɗe suke da kusurwa mai faɗi. Daga baya ne kamfanoni suka matse abun suka maida shi akwatuna dan a cusa mutane da yawa a ƙaramin fili, shi kansa Propst kafin rasuwarsa a shekarar 2000 ya nuna takaicin abinda aka maida ƙirƙirarsa. Toh ga yanda zaka bi kada naka ya zama akwatin.

Mataki na 1: rubuta aikin kowa kafin ka taɓa tef

Ɗauki takarda ka jera kujerun da kake buƙata, a gaban kowacce ka amsa waɗannan: mai wurin yana yawan waya ko aikin shiru yake yi, sikirin nawa yake amfani dasu, laftop ne ko babbar kwamfuta mai akwati, yana tara fayil na takarda ko komai nasa a kwamfuta yake, ana zuwa a zauna wurinsa ko kuwa, sannan akwai sirri a aikinsa irin albashin ma'aikata ko bayanan marasa lafiya. Ka tambayi mutanen da bakinsu, kada ka tsaya kan abinda manaja ya faɗa maka kaɗai, saboda wanda yake zaune a wurin shi yasan abinda yake ci masa tuwo a ƙwarya. Zaka ji wani yace bahago ne shi, wani bayansa yake ciwo, wata tace hasken taga yana kashe mata ido da rana. In ka gama zaka ga mutanen sun rabu gida biyu ko uku, kuma kowane gida da irin kubikul ɗin da ya dace dashi, ba dole bane duk ofis ya zama iri ɗaya. Ka ƙara da tambayar mutum nawa ake sa ran ɗauka nan da shekara biyu ko uku, ka bar musu gurbi tun yanzu.

Mataki na 2: awon ɗaki

Ka auna tsawo da faɗi a wuri biyu ko uku, dan bango ba kasafai yake miƙewa sak ba, bambancin santimita biyar kaɗai ya isa ya hana fatishan na ƙarshe shiga. Ka zana ɗakin a takarda mai layukan murabba'i, santimita 2 ta tsaya a madadin mita 1, ka saka duk abinda bazai motsu ba: ginshiƙai, tagogi da tsayinsu daga ƙasa, ƙofofi da ɓangaren da suke buɗewa, soket na bango, akwatin fis, inda esi yake huro iska, tukunyar kashe gobara, da kawunan yayyafin ruwan kashe gobara na silin in ginin yana dasu.

Abinda mutane suke juyawa shine su fara jera tebura sannan su nemi hanya a abinda ya rage. Hanya ake fara cirewa. Dokar ADA ta Amurka ta 1990, mai kare haƙƙin naƙasassu, da ƙa'idojinta sun sa mafi ƙarancin faɗin hanyar da keken guragu zai bi inci 36, kusan santimita 91, wurin juyawarsa kuma da'ira mai faɗin inci 60, kusan santimita 152. Ko ba a Amurka kake ba awon nan yana da amfani, amma ka duba dokar gini da ta kashe gobara ta inda kake dan ita ce zata hau kanka. Babbar hanyar tsakiya da mutum biyu zasu gitta juna ka bata santimita 120 zuwa 150. Bayan kujera kuma, daga bakin tebur zuwa fatishan ko kabad ɗin dake baya, a bar kusan mita 1 dan mutum ya ja baya ya miƙe ba tare da ya bugi komai ba. A Birtaniya ƙa'idar wuraren aiki ta 1992 tana neman aƙalla mita 11 na kubik ga kowane mutum a ɗaki, zaka iya gwada lissafinka da wannan kaga ko ka cika mutane.

Akwai wani abu da ake mantawa, kaurin fatishan ɗin kansa. Yawanci santimita 5 zuwa 8 ne, in ka jera kubikul shida a layi ɗaya kana da fatishan bakwai a tsaye, in kowanne santimita 7.5 ne kaga sama da rabin mita ya tafi ba tare da ka lura ba. Ka saka shi a lissafi tun a takarda.

In ka gama zane, sayi salatif na takarda ka fitar da tsarin a ƙasan ɗakin da girmansa na gaske, ka ajiye kujera a ciki ka zauna ka juya ka tashi, ka sa mutum biyu su wuce ta hanyar. Rabin awa ne aikin amma abinda zai nuna maka takarda bazata nuna ba.

Mataki na 3: girma da siffa

Girman da aka fi sani a kasuwar kayan ofis da ƙafa ake faɗarsa. Ƙafa 6 da 6, kusan mita 1.8 kowane gefe, shine na gama-gari, yana ɗaukar tebur mai lanƙwasa kamar harafin L da durowa ɗaya. Ƙafa 6 da 8 ya fi dacewa da mai sikirin biyu da takardu da yawa. Ƙafa 8 da 8 na wanda ake zuwa wurinsa ne, akwai wurin kujerar baƙo ko tebur mai siffar U. Masu amsa kira kuma ana basu ƙarami, miƙaƙƙen tebur mai faɗin santimita 120 zuwa 150 ya wadatar tunda kwamfuta da abin kunne ne kawai kayan aikinsu.

Wajen jerawa kuma, mafi sauƙi shine doguwar katanga ɗaya a tsakiya wadda wayoyin wuta da na intanet suke bi ta cikinta, kubikul suna fitowa hagu da dama, wannan yana rage yawan fatishan da zaka saya tunda maƙwabta suna raba bango ɗaya. Akwai na rukunin mutum huɗu da suke haɗuwa a kusurwa ɗaya kamar alamar tarawa. Akwai kuma mai kusurwa digiri 120 inda mutum uku suke zagaye wuri ɗaya, yana da daɗin zama sosai dan komai yana kusa da hannu kuma baka jin an kulle ka, sai dai yana cin fili kuma baya zama daidai a ƙaramin ɗaki mai kusurwa huɗu.

Duk wanda ka zaɓa, dan Allah ka duba inda bayan mutum yake kallo. Mutum baya samun natsuwa in ƙofar kubikul tana bayansa kai tsaye, kowa ya wuce sai ya waiga, kuma sikirin ɗinsa a buɗe yake ga duk mai wucewa. Ka juya teburin yanda mashigar zata kasance a gefensa, yana ganin mai shigowa ta wutsiyar ido.

Mataki na 4: tsayin fatishan, anan ne ake ci ko a faɗi

In akwai wurin da zan ce ka ɓata lokaci toh nan ne. Tsayi kala uku ne aka saba dasu. Gajere kusan inci 42, santimita 107 kenan, kana zaune kana ganin fuskar na gabanka. Matsakaici inci 53 zuwa 54, kusan santimita 135, in ka zauna baka ganin kowa kuma ba a ganinka amma in ka miƙe kaga duk ɗakin. Dogo inci 65 zuwa 67, santimita 165 zuwa 170, wanda ko a tsaye yawancin mutane basa leƙa shi.

Shekarun baya an yi yayin rushe fatishan gaba ɗaya da sunan wai mutane zasu fi hira da haɗa kai. A 2018 wasu masu bincike biyu daga Harvard, Ethan Bernstein da Stephen Turban, sun bi diddigin ma'aikatan manyan kamfanoni biyu kafin da bayan an maida ofisoshinsu buɗaɗɗu, suka tarar magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, imel da saƙonnin kwamfuta kuma suka ƙaru. Dalilin a fili yake, wanda yasan kowa na kallonsa kuma kowa na jinsa sai ya toshe kunne ya sunkuyar da kai. Shi yasa ni matsakaicin nan na santimita 135 nake fifitawa ga yawancin aiki, yana bawa mutum sutura yana zaune, haske da iska kuma suna wucewa ta sama. Gajeren ka barshi ga tawagar da aikinsu dole sai suna magana kowane minti. Dogon kuma na masu aikin sirri ne da masu lissafi da rubutun da yake son zurfin tunani.

Kuma ba dole duk gefen su zama tsayi ɗaya ba. Zaka iya sa dogo ta ɓangaren hanya da ɓangaren firinta, matsakaici tsakanin maƙwabta, gajere ta ɓangaren taga. Ko ka sa matsakaici sannan ka ɗora gilashi mai tsayin santimita 30 a kansa, ya tare sauti ya bar haske.

Maganar sauti kuwa kada wani mai sayarwa ya ruɗe ka, fatishan kaɗai baya kashe hayaniya. Murya tana hawa ta sama ta bugi silin ta sauko kan na kusa, tana bi ta gefe, tana bi ta ƙasa in an bar rata. Abu uku ake haɗawa. Na farko tsotse sauti, da yadi mai soso ko auduga ta musamman a cikin fatishan, da silin mai laushi, da kafet a ƙasa. Akwai ma'auni da ake kira NRC daga 0 zuwa 1, duk yanda lambar ta kusanci 1 abun ya fi tsotsewa, ka tambayi lambar fatishan da ta silin kafin ka biya, kuma wallahi sau da yawa gyara silin ya fi ƙara tsayin fatishan tasiri. Na biyu tare sauti, wannan aikin tsayi ne da nauyin abinda ke tsakiyar fatishan. Na uku rufe shi da wani sautin, ana saka ƙananan sifiku a silin suna fitar da wani shuuu mai laushi kamar na iska, yawanci a tsakanin desibel 45 zuwa 48 a ma'aunin ƙarfin sauti, dan abinda yake raba hankalin mutum ba ƙarar bace kaɗai, jin kalmomin maƙwabcinsa ne ɗaya bayan ɗaya har ya fara bin zancen. Sannan tun a zane ka nisanta masu yawan waya daga masu aikin shiru, firinta da wurin shan ruwa kuma a kai su gefe guda, wannan kyauta ne baya cin ko sisi.

Abu ɗaya na tsaro: in ginin yana da yayyafin kashe gobara a silin, ƙa'idar NFPA 13 ta ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka tana neman a bar inci 18, kusan santimita 45, tsakanin kan yayyafin da duk abinda ke ƙasansa. Dogon fatishan da kwalaye a kansa zai iya shiga wannan ratar.

Mataki na 5: da me aka yi shi

Fatishan iri biyu ne a ƙira. Akwai na falle ɗaya wanda daga sama har ƙasa abu guda ne, ya fi araha da saurin kafawa amma in ya lalace ko ya yi dauɗa sai dai a canza shi duka. Akwai mai firam na ƙarfe ko alminiyam da ake manna masa fale-fale, ƙasa katako, tsakiya yadi, sama gilashi ko farin allon rubutu, kowanne ana ɓalle shi shi kaɗai kuma cikinsa akwai sararin wayoyi. In ofis ɗin mai girma ne ko kuna yawan sauya tsari, na biyun shine zai daɗe yana muku aiki.

Yadi yana tsotse sauti kuma ana soka masa fil, amma yana riƙe ƙura, ka zaɓi kala mai ɗan duhu ko mai zane-zane da baya nuna tabo. Katako mai rufin fomika ko melamin yana gogewa da tsumma, sai dai sauti yana dawowa daga jikinsa. Gilashi dole ya zama wanda aka gasa, wanda in ya fashe yake zama ƙananan tsakuwa marasa kaifi sosai, in ana son haske ba tare da ganin juna ba sai a ɗauki mai hazo. Saman tebur kauri santimita 2.5 shine daidai, ka shafa bakinsa da hannu kaji ko an naɗe shi da roba mai kauri kamar milimita 2, dan ta bakin nan ruwa yake shiga katakon da aka yi da garin itace ya kumbura. Ka tambayi darajar katakon wajen fitar da sinadarin fomaldihaid, a Turai darajar E1 ake nema, sinadarin shine yake kawo warin nan mai yaji da sabon kayan ofis marasa kyau suke yi har ido ya dinga ruwa. In mai sayarwa yace kayansa sun ci gwajin BIFMA, ƙungiyar masu ƙera kayan ofis da ta fitar da ƙa'idojin ƙarfi da juriya, kace ya nuna maka takardar.

Mataki na 6: wuta da intanet

Tun ran gini tun ran zane. Wayarin ɗin nan in ba a tsara shi tare da fatishan ba, ƙarshensa ekstenshan ne a jone da wani ekstenshan a ƙarƙashin ƙafafun mutane, kuma ta nan gobara take tashi.

Fara da tambayar ta ina wutar zata shigo layin kubikul. Hanya uku ce: daga bango in layin ya jingina dashi, daga akwatin ƙasa in benen yana dasu, ko daga silin ta cikin wani siririn bututu da yake saukowa kan fatishan. Layin da yake tsakiyar ɗaki babu akwatin ƙasa, bututun silin ne mafita, kada a ja waya ta kan hanya a rufe da kafet.

A cikin fatishan kuma akwai kwararon waya, wani a gindi yake wani a daidai saman tebur. Na gindi ya fi tsafta a ido, na saman tebur ya fi sauƙi ga mai laftop da caja da bai kamata ya dinga durƙusawa kullum ba. In da hali ka haɗa biyun, abubuwan da basa motsi a jona ƙasa, na hannu a sama. Ka lissafa aƙalla ramin soket huɗu ga kowane mutum, mai sikirin biyu da tebur mai hawa da lantarki zai buƙaci shida. Wayar wuta da ta intanet kowacce da hanyarta, kyawawan fatishan suna da ƙarfen da ya raba su a ciki, dan wutar tana iya dama siginar. Kebul na intanet irin Cat6 iyakarsa mita 100 daga na'urar rarrabawa zuwa kwamfuta, har da 'yan guntayen da ake jonawa a ƙarshe, ka auna hanyar da zai bi ta silin da bango ba miƙaƙƙen nisa ba. Ko ofis ɗin yana da wayfai mai ƙarfi, ka ja kebul ɗaya ko biyu zuwa kowace kujera, masu taron bidiyo da wayar tebur zasu gode maka. Kowane kebul a rubuta masa lamba a kai biyun.

Lissafin nauyin wuta aikin ƙwararren mai wayarin ne mai lasisi, shi zai faɗa maka kujera nawa zasu hau layi ɗaya. Abinda zaka riƙe kawai shine hita da butar lantarki kowanne yana jan wat 1500 ko fiye, ya ninka na kwamfuta sau da yawa, babbar firinta ma tana fizgar wuta lokacin da take ɗumama, waɗannan a basu layinsu daban nesa da na fatishan.

Mataki na 7: tebur, kujera da sikirin

Tebur na yau da kullum tsayinsa santimita 73 zuwa 75, an yi shi ne da awon matsakaicin mutum shi yasa gajere yake ɗaga kafaɗa dogo kuma yake ranƙwafawa. Kamar ɗinki ne, ba a yanka wa kowa riga da awon mutum ɗaya. Mai hawa da sauka yana tafiya daga kusan santimita 65 zuwa 125, yana magance wannan kuma mutum ya samu ya miƙe tsaye wani lokacin. Amma in zaka saka shi ka tuna abu biyu, kada a rataya kabad a saman inda zai hau dan sikirin zai buge shi, sannan wayoyin su kasance da rara yanda bazasu tsinke ba in ya kai ƙarshe. Kuma mai tsayuwa a bayan gajeren fatishan kowa yake kallo, kowa kuma yana jin muryarsa, sai a ƙara tsayin ko a ɗaura ɗan allon a jikin teburin su dinga hawa tare.

Zurfin tebur santimita 60 ya isa laftop, babban sikirin kuma 75 zuwa 80 yake so, saboda tsakanin ido da sikirin ya kamata a samu santimita 50 zuwa 100, saman sikirin ɗin daidai ido ko ƙasa kaɗan. Hannun ƙarfe mai riƙe sikirin yana buɗe fili sosai, ka tabbatar akwai 'yar rata tsakanin tebur da fatishan da maƙallinsa zai shiga. Ƙarƙashin tebur a bar wa gwiwa sarari, ga mai keken guragu aƙalla santimita 69 a tsaye da 76 a faɗi.

Kujera kuwa kada ka tsuke hannu a kanta. Gara ka rage ado a fatishan ka sayi mai ƙafa biyar da take hawa da sauka, mai tokare ƙugu, mai hannuwan da suke shiga ƙarƙashin tebur. In mutum ya zauna tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, gwiwar hannunsa ta yi daidai da kibod, wanda ƙafarsa bata kai ba a bashi matashin ƙafa.

Mataki na 8: ma'ajiya

Nan ba sai an daɗe ba. Durowa mai taya mai gida uku, biyu ƙanana ɗaya na fayil, da makulli, ta ishi yawancin mutane. Kabad na sama yana buƙatar dogon fatishan kuma yana jefa inuwa kan tebur, sai an sa masa fitila a ƙasa. Ƙugiyar rataya jaka da ɗan shelf ƙananan abubuwa ne amma su suke hana kaya zubewa a ƙasa. Kada ka sayi ma'ajiyar da tafi buƙata, cika ta za a yi da tarkace.

Mataki na 9: haske da iska

Dogayen layukan fatishan su miƙe daga taga zuwa cikin ɗaki, kada su gitta gabanta su tare wa na baya hasken rana. Sikirin ya kasance taga tana gefensa, in tana gaba ido zai gaji in tana baya hasken zai dinga ƙyalli a kai. Ƙa'idar Turai ta EN 12464-1 ta sa laks 500, wato ma'aunin ƙarfin haske, a saman tebur dan karatu da rubutu da aikin kwamfuta, akwai ƙaramar na'urar awon haske da zaka gwada da ita bayan an kafa, tunda fatishan yana rage hasken da fitilun silin suke kawowa. Inda ya gaza sai a ƙara fitilar tebur. Ka kuma duba kada wata kujera ta faɗo daidai bakin esi wata kuma a lungun da iska bata zuwa, mai dogon fatishan a bar masa 'yar rata a gindi in sirrin magana bai hana ba.

Mataki na 10: oda, kafawa da dubawa

Kafin ka biya kuɗi ka nemi zane na ƙarshe mai awo daga mai sayarwa da jerin kowane yanki, har maƙallai da murfin kusurwa, ka nemi samfurin yadi da katako ka gansu a hasken ofis ɗinku. Ka tambaya ko za a samu irin kayan nan gaba in kuna son ƙari, domin fatishan na Steelcase baya haɗuwa da na Haworth ko na Herman Miller, kowane kamfani da irin maƙallinsa, har a kamfani ɗaya ma wani samfurin baya shiga wani. Na hannu da aka sabunta ba laifi bane, firam ɗin ƙarfe yana daɗewa, amma ka ƙirga maƙallan da idonka kuma mai wayarin ya duba kayan wutar ciki.

Ranar kafawa a kwashe komai daga ɗakin, a fitar da layukan a ƙasa, a nemo wurin da ƙasan ya fi tudu a fara daidaitawa daga nan, sauran a ɗaga su da 'yan ƙafafun dake murɗawa a gindin fatishan, in aka fara daga kwari za a iso tudun babu sauran abin ragewa. Katangar tsakiya ake fara tsayarwa tare da na gefe masu tokare ta, kada a bar dogon layi a tsaye shi kaɗai ko na ɗan lokaci, kamfanin yana da iyakar tsawon da ya yarda a bari babu tokari, a bi shi. Daga nan wuta, sai kebul na intanet, a gwada kowane soket da kowane rami tun ciki yana buɗe, sannan a ɗora tebura da kabad a rufe fale-falen.

In an gama ka zaga da kanka, ka girgiza kowane fatishan, ka danna bakin kowane tebur, ka buɗe durowa har ƙarshe ka gwada makullinta, ka duba ba a toshe tukunyar kashe gobara ko alamar hanyar fita ba. Ragowar maƙallai da fale-fale da kwafin zanen a ajiye su wuri ɗaya da aka sani. Bayan sati biyu da fara aiki ka koma ka tambayi kowa abinda yake damunsa, a lokacin ne zaka ji wanda rana take dukan sikirin ɗinsa da la'asar da wanda muryar maƙwabcinsa take shigo masa, yawancinsu juya tebur ko ƙara gilashi ɗaya a sama ko musanya kujerun mutum biyu ne maganinsu, kuma masu kafawar suna nan kusa basu manta aikin ba balle ace sai an sake sabon ciniki.